Idan Tunani Ya Sauka a Jiki: Yadda Ake Gane Damuwa da Yadda Ake Sauke Ta

Ranar Juma'a a kasuwar Wudil, ko Alhamis a Maigatari, ka samu bencin wani kemis ka zauna rabin awa, ka saurari masu zuwa. Wani zai ce kansa kamar an naɗa masa rawani an tamke. Wani tsakar kansa ce ke zafi kamar an ɗora garwashi. Yarinya za ta zo da kuɗi a ƙulle a bakin mayafi, ta ce Inna ta ce a ba ta maganin faɗuwar gaba. Wani kuma sai ya rage murya ya ce wani abu ne ke masa yawo a jiki, yau a kafaɗa, gobe a cinya. Kusan duk ƙunshi ɗaya ake ba su: na maleriya, na taifot, na ciwon jiki. Bayan mako uku su dawo. Ba wanda ya tambayi mai rawanin nan buhun taki nawa ya ci bashi da damina, ko me ambaliya ta bar masa a gonar shinkafa.

Ciwon da suke ji gaskiya ne, ba raki ba ne. Sai dai tushensa ba a sauro yake ba.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

A ce kana yankan ciyawa, sai ga kububuwa dab da ƙafarka. Kafin ka gama gane me ka gani, ƙwaƙwalwa ta riga ta aika saƙo ga wasu 'yan tsoka biyu da ke zaune a kan ƙoda kamar hula. Nan take su zubo sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, hanta ta saki sukari, numfashi ya yi sama-sama, bakinka ya bushe, ciki ya dakatar da niƙan abinci, tsokar wuya da ta kafaɗa ta ɗaure. Bayan 'yan mintuna wani sinadarin, kotizol, ya biyo baya don ya riƙe sukarin a jini, ya kuma rage wa garkuwar jiki aiki har a fita daga haɗari. Macijin ya wuce, komai ya koma mazauninsa.

Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa ba ta bambanta maciji da mai bin bashi. Maciji yana wucewa, bashi kuwa tare kuke kwana. Haka rigimar gado, zaman doya da manja da kishiya, ɗan da ya tafi ci-rani Legas wata biyar ba labari, 'yar da aka sa wa rana alhali ba a sayi ko katifa ba. Jiki sai ya zama kamar injin ban-ruwa da aka bari a kunne dare da rana: ba zai fashe yau ba, amma zai ɗau zafi, ya sha mai, ya cinye kansa a hankali.

Tsokar wuya da ta daɗe a ɗaure ita ce ke ba da ciwon kai mai kama da ɗaurin rawani. Cikin da ake ta dakatar wa da aiki shi ne ke kumburi, ƙwannafi, yau gudawa gobe bushewar ciki. Kotizol a ƙa'ida da safe yake yawa, tsakar dare ya sauka. Idan tsarin ya rikice, barci ya rikice. Mai ciwon suga zai ga awonsa ya ƙi sauka ko da bai canza cima ba. Mura da ƙuraje su yi ta zarya, miki ya daɗe bai warke ba. Mace al'adarta ta rikice, mai shayarwa nono ya ƙi zubowa da sauri, namiji ya rasa kuzarin shimfiɗa, wannan kuma ya zama sabuwar damuwa a kan ta da. A ɓangaren tunani kuwa, ga mantuwa, ga saurin fushi, mutum ya yi raka'a huɗu bai san nawa ya yi ba, ba sau ɗaya ba, kullum.

Abu biyu da ake yawan faɗa suna bukatar gyara. Damuwa ba ita kaɗai ke kawo hawan jini ba. Akwai gado, gishiri, ƙiba da shekaru, ita dai tana tura shi gaba. Gyambon ciki ma galibi ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta ke kawo shi, ko magungunan ciwon jiki. Damuwa tana rura shi ne.

Mataki na farko: a tabbatar ba abin gaggawa ba ne

Kada a ce wa komai "tunani ne". Akwai alamun da idan an gan su, mota ake nema, ba shawara ba: ciwon ƙirji mai danna kamar an ɗora dutse, da gumi, yana sauka hannu ko muƙamuƙi, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe, ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, zazzaɓi da sanƙarewar wuya ko sambatu, aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta. Mai ciki da ke ciwon kai, fuska ta kumbura, tana gani dishi-dishi, a auna jininta a ranar, don jijjiga kan biyo bayan haka. Maijego mai haki, ƙafafu sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta, wannan gazawar zuciya ake tsoro, kuma ba baƙuwar cuta ba ce a ƙasar Kano. Da wanda ya fara maganar kashe kansa. Za mu zo kansa.

Na biyu: takardar mako biyu

Ka samu littafin 'yan makaranta, da boko ko da ajami, ko ka sa yaron da ka yarda da shi ya rubuta. Kowace safiya a rubuta abu biyar: awa nawa ka yi barci, bugun zuciyarka, inda ke ciwo, goro da ƙwayar magani nawa ka sha jiya, da abin da ya faru jiyan.

Bugun zuciya ga yadda ake ƙirga shi. Bayan asuba, kana zaune, ka ɗora yatsa biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, har ka ji motsi. Ka ƙirga na daƙiƙa 30 da agogon waya, ka ninka biyu. Na babban mutum a hutu tsakanin 60 ne da 100 a minti. Kada ka danna da babban yatsa, shi ma yana da nasa bugun. Idan kullum yana haura 100 kana zaune, ko yana tsallake, abin a nuna wa likita ne.

Amfanin takardar shi ne ruwa ba ya tsami banza. Da ka duba mako biyu a jere, sai ka ga ciwon kan nan ba ya zuwa sai daren da za a wayi gari ranar zubin adashi, ko duk ranar da wane ya bugo waya. Wanda ya ga wannan da idonsa, ba sai an yi gardama da shi ba.

A cikin makonnin nan a auna jini sau biyu, a ranaku daban-daban. Yawancin awon da ake yi a gurguje ba daidai ba ne: mutum ya sauko daga babur, rana ta dake shi, goro a baki, a ɗaura masa abin awo yana magana. Ƙa'ida ita ce a bar goro, shayi da taba minti 30 kafin awo, a yi fitsari, a zauna minti biyar a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, a yi shiru. Idan ya kai 140 bisa 90 a ranaku biyu, hawan jini ne, kuma dabarar numfashi da za mu zo kanta da addu'a ba su ɗauke wa mutum shan magani ba. Idan ya kai 180 bisa 120, a ga likita a ranar. A kuma sani cewa hawan jini galibi ba ya ciwo. Wanda ya daina magani don "ya ji sauƙi" shi ake ɗaukowa ranga-ranga.

Na uku: a duba cututtukan da ke kama da damuwa

Ƙarancin jini yana kawo faɗuwar gaba, jiri da kasala, kuma ya yi yawa a mata masu haihuwa kusa-kusa. Gwajinsa ɗigon jini ne. Maleriya a gwada kafin a sha magani, ɗan katin gwajin minti 15 zuwa 20 ya ishe shi. Suga a gwada da safe kafin karin kumallo; idan awon ya kai 7.0, ko 126 a ɗaya ma'aunin, ya isa a maimaita gwajin. Tarin da ya wuce mako biyu da rama da gumin dare, a kai majina, gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Mai kumburin wuya, yana ci yana ramewa, hannu na rawa, zafi na damunsa, a duba masa maƙoƙo.

Sai gwajin widal, gwajin jini na neman taifot, wanda ya sa rabin ƙauye "taifot". Gwajin nan yana iya nuna alama a jikin wanda ya taɓa yin cutar tuntuni, ko mai wani zazzaɓin daban. Mutumin da ba ya zazzaɓi, watanni yana shan maganin taifot, kuɗinsa kawai yake ƙonawa, yana kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani.

Na huɗu: numfashi

Mutane sukan raina wannan don ba a saye. Dalilinsa kuwa a fili yake: duk lokacin da kake fitar da numfashi, wata jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa tana taka wa zuciya burki. Idan fitarwa ta fi shaƙa tsawo, burkin ya fi kamawa.

Ka zauna a tabarma, hannu ɗaya a ciki, ɗaya a ƙirji. Shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu, hannun ciki ya taso, na ƙirji ya zauna. Fitar ta baki kana ƙirga shida, a hankali kamar mai hura koko. Numfashi shida ke nan a minti. Ka yi talatin, minti biyar. Carbi ya isa ƙirga. Sau biyu a rana, bayan asuba da bayan isha'i, har mako uku kafin ka yanke hukunci. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuƙar iska da yawa da sauri. Sai jiri ya zo, yatsu su yi tsam-tsam. Idan ka ji haka, ka rage girman shaƙar. Kuskure na biyu, a bari sai abin ya taso sannan a gwada. Ba a koyon iyo ranar da kogi ya kawo.

Akwai wani tashin hankali da ke zuwa kwatsam: zuciya na dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, hannu ya ƙage, mutum ya tabbata mutuwa ce. Yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin kamar minti goma, sannan ya lafa. Idan karo na farko ne, ko mutumin ya manyanta, a je a duba zuciya. Idan an riga an duba, abin yi shi ne a rage taro, a buɗe taga, mutum ɗaya ya zauna gabansa yana ƙirga masa numfashi. Turara barkono ko wani hayaƙi a rufaffen ɗaki ƙara shaƙe shi ne.

Na biyar: a sauke kayan a rarraba

Numfashi ba ya biyan bashi. Nan ne ainihin aikin, kuma nan aka fi gudu.

Damuwa ta fi nauyi idan tana dunƙule. Ka buɗe sabon shafi ka zazzage ta duka, sannan ka kasa uku. Kashin farko, abin da kai kanka za ka iya taɓawa a makon nan. Na biyu, abin da sai da wani: mai unguwa, liman, babban yaya, alƙali. Na uku, abin da ba ya hannun kowa, irin saukar ruwa, farashin taki tun bayan cire tallafin mai a 2023, ko ambaliya irin ta 2022 da ta shafe gonaki a Ringim, Auyo da Kafin Hausa. Kashi na uku nan ne gurbin tawakkali. Ɓarnar da ake yi ita ce a kwashe na farko da na biyu a zuba su a na uku, a ce an bar wa Allah, alhali dare ya yi ido biyu.

Daga kashin farko ka ɗauki ɗaya tak, ba mafi girma ba, wanda zai iya motsawa. A ce bashi ne. Ka rubuta wa ke binka, nawa, yaushe aka yi alkawari. Sau da yawa mutum bai taɓa haɗa jimillar ba saboda tsoro, kuma adadin da ba a sani ba ya fi wanda aka sani firgitarwa. Sannan ka riga mai bashin zuwa. Ka je da shaida guda, da magana mai lokaci: "Alhaji, na zo da ƙafata. Buhu shida kake bina, ruwa ya ci gonar, kowa ya gani. Biyu zan kawo idan an kaɗe riɗi, biyu bayan shinkafar rani, ragowar da kaka mai zuwa. Malam ga shi shaida." Zai iya faɗa, zai iya ƙi. Amma daga ranar ka daina kashe waya, ka daina canza hanya idan ka hango shi, kuma wannan ɓuyan ne ya fi bashin kansa cin jiki.

Abu uku ke mayar da mutum baya: cin sabon bashi mai ruwa don toshe tsoho, sayar da shanun huɗa ko injin ban-ruwa, wato abin da zai biya bashin, da yin alkawarin da ka san ba za ka cika ba don a rabu lafiya. Idan kayan ɗakin 'ya ne, a zauna da uwarta da gwaggonninta tun da wuri a yanke abin da za a iya. Surutun 'yan biki kwana bakwai ne, bashin gado da kujeru kuwa yakan ga suna na biyu.

Ka kuma yanka wa tunani lokacinsa: minti 15 bayan la'asar, da littafin a hannu. Idan ya zo da dare, ka ce masa sai gobe bayan la'asar. Da farko abin dariya ne, amma zuciya tana sabawa.

Na shida: barci, ci da motsi

Babban mutum yana bukatar awa bakwai ko fiye. Wanda zai tashi asuba, lissafin ya nuna goman dare ta same shi a kwance. Babban ɓarawon barci a karkara goro ne da shayin dare. Sinadarin kafeyin da ke cikinsu, bayan kamar awa biyar rabinsa yana nan a jini, don haka goron magariba yana nan daram tsakar dare. A tsayar da goro, shayi, kofi da lemon ƙara kuzari daga azahar. Wanda ya saba da yawa ya rage a hankali cikin mako guda, in ba haka ba ciwon kai zai sa ya koma. Ƙailula kada ta wuce rabin awa. Waya ta kwana nesa da matashi. Bidiyon kashe-kashe da ake turowa a WhatsApp, ƙwaƙwalwa tana ɗaukarsa kamar a ƙofar gida ya faru. Idan ka yi kamar rabin awa kana juyi, tashi ka zauna a duhu, ka ja carbi ko ka yi numfashin nan, sai barci ya zo ka koma. Da bazara a yayyafa wa ƙasa ruwa, a kwana a tsakar gida cikin gidan sauro.

Kada a fita gona da goro kaɗai a ciki. Rawar jiki da faɗuwar gaban hantsi sau da yawa yunwa ce. Gishiri kada ya wuce giram biyar a yini, ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

Manomi da damina ba ya bukatar a ce masa ya motsa jiki. Maganar ta masu zaman rani ce, da dattawa, da matan da ke cikin gida: minti 30 na tafiya mai ɗan sauri, kwana biyar a mako. Ko zagayen tsakar gida ne da hantsi ya wadatar. Maigidan da ya bar matarsa ta je gidansu, ko barka, ko islamiyya, magani ya saya mata ba tare da ya biya ba.

Na bakwai: magungunan da ke ƙara ciwon

Tiramadol da matasa ke sha don noma ko don "manta damuwa" yana kama mutum, yana kuma kawo jijjiga kamar farfaɗiya. Maganin tari mai kodin, gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi tun 2018, amma bai ɓace daga ɗakunan mata da samari ba. Diyazefam yana sa barci makon farko, daga nan sai an ƙara, kuma wanda ya daɗe a kansa idan ya yanke farat ɗaya zai iya jijjiga. Likita ne ke rage shi kaɗan-kaɗan. Wanda ya faɗa wa ɗayan waɗannan, duka da gori ba sa fitar da shi.

Haɗin ciwon jiki na 'yan talla yakan ƙunshi ibufurofen, dikulofenak ko firoksikam, wani lokaci biyu a ƙulli ɗaya. Su ne ke cin bangon ciki, su hau da jini, su taɓa ƙoda. Farasitamol kada babba ya wuce giram huɗu a yini, wato ƙwaya takwas mai miligiram 500. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, wata bayan wata, shi kansa yana haifar da ciwon kai na kullum. Takardar mako biyun nan ce za ta tona wannan.

Na takwas: a samu wanda za a faɗa wa

Gaskiya ne ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ba a ce ka baza sirrinka a majalisa ba. Mutum ɗaya ake nema, mai riƙe magana, wanda ba shi da hannu a rigimar.

Idan kai ne ake faɗa wa, yadda ka buɗe maganar shi ne rabin aikin. "Me ke damunka?" amsarta "ba komai". Abin da ka gani za ka faɗa. Mata ta ce: "Malam, kwana biyar ke nan ina jin juyinka har kiran farko, tuwon ma sai ka taɓa ka bari. Ko a kan gonar ne?" Ɗa ya ce: "Inna, na ga kin daina fita ko gidan suna. Tun rasuwar Yaya ne ko?" Daga nan a yi shiru a saurara. Kada a yi saurin cewa "ka yi haƙuri, wasu sun fi ka shiga uku". Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma idan aka toshe bakin mutum da shi, ba zai sake buɗewa ba.

Masu cewa damuwa raunin imani ce su tuna Annabi Yaƙub, wanda idanunsa suka yi fari don baƙin cikin rabuwa da Yusuf, da shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, wadda ake kira shekarar baƙin ciki. A addu'ar da aka sani ta neman tsari daga damuwa, an haɗa har da nauyin bashi. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Abin ƙi shi ne mai maganin da zai ce a ajiye ƙwayar asibiti, ko ya nuna maka wata 'yar uwa ya ce ita ta yi maka asiri. Ya ƙara maka gaba a kan ciwo.

Yara ma suna ɗauka. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yi, ko kullum ciwon ciki da safe, a dubi abin da ke faruwa a gidan kafin a ɗauki bulala.

Na tara: lokacin zuwa asibitin ƙwaƙwalwa

Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye, kusan kullum, zuciyarsa a cushe, abin da yake so da ya fita ransa, ba ci, yana farkawa tun kafin asuba ya kasa komawa, yana ganin kansa ba shi da amfani, aiki ya gagara, to abin ya wuce damuwar yau da gobe. Ciwo ne mai magani. Haka wanda ya ga tashin hankali, hatsari ko harin 'yan bindiga, bayan wata guda abin yana ta dawo masa a mafarki da ido biyu.

Maijego takan yi kuka da saurin fushi a kwanakin farko, ya wuce kafin mako biyu. Idan ya zarce, ko ba ta son ɗaukar jaririn, a kai ta. Idan kuwa ta daina barci sam, tana sambatu, tana jin muryoyi, wannan gaggawa ce: kada a bar ta ita kaɗai da jaririn, a tafi a ranar. Yana warkewa.

A fara da asibitin ƙaramar hukuma. Inda ƙwararru suke kuwa, akwai sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da asibitin Dawanau, a Jigawa kuma akwai na Kazaure. Zuwa can ba ya nufin hauka, ranar wanka kuma ba a ɓoyon cibi: a tafi da littafin nan, da duk kwalin maganin da ake sha, har na gargajiya, da wanda ya san yadda abin ya faro. Ɗaure mara lafiya da mari ko sarƙa ba magani ba ne, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba shi haƙƙin a mutunta shi.

Wanda ya ce "gara in mutu in huta", ko ya fara sallama da rabon kayansa, a tambaye shi kai tsaye, cikin taushi: "Yaya, kana tunanin kashe kanka ne?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sauƙi take kawowa. Idan ya amsa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a yi masa wa'azin wuta a lokacin, a kai shi asibiti. A kwashe maganin feshi, fiya-fiya, maganin ɓera da tarin ƙwayoyi a kai wani gidan a kulle, don irin wannan niyya sau da yawa ta ɗan lokaci ce, abin da ke kusa da hannu ne ke yanke hukunci. Idan an riga an sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, suna iya faɗawa huhu. A kwantar da shi ta gefe, a cire rigar da maganin ya zuba, a ɗauki kwalbar a tafi da ita.

Magungunan da likita kan bayar, irin amitiriftilin ko fuluwoksetin, ba sa aiki ranar da aka fara. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kafin a ga sauyi, alhali bushewar baki, jiri ko tashin zuciya tun makon farko suke zuwa. A nan ne mafi yawa ke yarwa su ce bai karɓe su ba. Bayan an ji sauƙi ana ci gaba aƙalla wata shida, sannan likita ya janye shi a hankali. Amitiriftilin yana da haɗari idan an sha da yawa, don haka a gidan da ake tsoron niyyar mutum, wani ne zai riƙe kwalin yana ba shi na kullum. Mai ciki, mai shayarwa, da mai ciwon zuciya su faɗa tun kafin a rubuta. Idan kuɗin motar zuwa Kano ko Kazaure duk wata ne zai gagara, a faɗa wa likita tun ranar farko, a roƙi takardar da za a riƙa karɓar maganin a asibiti mafi kusa, a kuma rubuta ranar komawa a bangon littafin.